Sabuwar Gwiwa a Garin Rairayi: Jinya Bayan Tiyata a Gure

Tiyatar sauya gwiwa aiki ne da likitan ƙashi yake kammalawa cikin sa'a ɗaya zuwa biyu, amma jinyar da take biyo bayanta takan ci wata shida zuwa shekara guda, kuma kusan dukkanta a tsakar gida ake yin ta, nesa da idon wanda ya yi aikin. Ga mutumin Gure, tsohuwar cibiyar ƙasar Muniyo da ke kimanin kilomita 170 gabas da Damagaram a kan hanyar Difa, wannan nisa ba ƙarami ba ne, domin irin wannan aiki ya fi ƙarfin asibitin gunduma, sai mai hali ya nufi Yamai, ko Kano inda asibitin ƙashi na Dala yake tun 1959, ko kuma ya tsallaka Tunisiya, Masar ko Indiya. Yakan dawo da takardar shawarwari wadda aka tsara domin mutanen da suke zama a kujera, suke kewayawa a masai na zama, kuma suke da wurin iyo a unguwarsu, alhali shi rayuwarsa a kan tabarma da rairayi take. Daidaita waɗannan shawarwari da yadda gidan yake shi ne babban aikin da ke gaban majinyaci da iyalinsa.

Gwiwa mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku, wato ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri da ƙoƙon gwiwa, kuma bakin kowannensu a lulluɓe yake da guringuntsi, wani farin abu mai santsi da yake hana ƙashi gugar ƙashi. Idan tsufa, ƙiba, tsohuwar karaya ko shekarun ɗaukar kaya suka zaizaye guringuntsin, sai ciwon da jama'a suke kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi ya kankama, har ƙafa ta soma gwamewa. A tiyatar, ana sassaƙe bakin ƙasusuwan da suka lalace, a sa wa na cinya da na ƙwauri murfin ƙarfe, a shimfiɗa wata roba mai tauri a tsakaninsu, sannan a liƙa su da simintin ƙashi. Tun a 1890 wani likita a Balin, Themistocles Gluck, ya gwada dasa gwiwar hauren giwa, amma ƙwayoyin cuta suka lalata aikin, sai a 1974 John Insall da abokan aikinsa a Niyok suka fito da ƙirar da yawancin gwiwoyin yau suka samo asali daga gare ta. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 ba a sake su ba.

Ana auna lanƙwasuwar gwiwa da digiri, ta yadda ƙafar da ta miƙe sambal take kan sifili, wadda kuma aka lanƙwasa kamar ta mai zaune a kujera take kan 90. Tafiya a fili tana bukatar kimanin digiri 65, hawa matakala da tashi daga kujera suna bukatar 90 zuwa 100, kuma yawancin waɗanda aka yi wa tiyata sukan tsaya tsakanin 110 da 120, abin da likitocin Turai suke ɗauka nasara ce. Sai dai tsuguno da zaman tahiya suna neman 140 zuwa 150 ko fiye, kuma a Gure, kamar sauran garuruwan Manga da na Hausa, a ƙasa ake cin tuwo, a ƙasa ake alwala da buta, a ƙasa mace take wanki da girki, kuma tsugunawa ake yi a masai. Saboda haka gwiwar da aka rubuta a takarda cewa ta warke sarai tana iya barin mai ita ya kasa abubuwa biyar ko shida da yake yi kowace rana tun yana yaro, kuma ya kamata a faɗa masa haka tun kafin a shiga da shi ɗakin tiyata.

Makonni shida na farko su ne mafi muhimmanci a duk jinyar. A wannan lokaci jiki yana saƙa tabo a cikin gaɓar, kuma idan aka bar gwiwa wuri guda saboda tsoron zafi, tabon yakan ɗaure ta, har ta kai ga sai an sake sa majinyaci barci likita ya lanƙwasa ta da ƙarfi, abin da akan yi idan wata biyu zuwa uku suka wuce ba ta kai digiri 90 ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake tayar da mutum ya taka ƙafar tun ranar tiyata ko washegari. Motsa gaɓar kuwa ba ya bukatar na'ura. Majinyaci yakan zauna a kan gado ya miƙe ƙafa, ya zarga rawani ko gyale a tafin ƙafar ya riƙe bakinsa biyu, ya jawo diddige a hankali zuwa ga cinya har ya ji gwiwar ta ɗaure, ya tsaya nan yana ƙirga goma, sannan ya sake ta ta koma. Idan aka sa leda a ƙarƙashin diddigen, zai riƙa zamewa ba tare da tirjiya ba. Miƙewa ma tana da nata aikin, kuma ita aka fi mantawa da ita: a naɗe tawul a sa a ƙarƙashin diddige, a bar gwiwar tana reto, a matse tsokar gaban cinya kamar ana son danna bayan gwiwa a katifa. Masu jinya, don tausayi, sukan cusa matashi a ƙarƙashin gwiwar domin zafi ya lafa, amma gwiwar da ta saba kwana a lanƙwashe ba ta sake miƙewa sosai, kuma mai ita zai yi ta ɗingishi.

Gyaran gida ya kamata ya riga majinyaci isowa. Mai walda ko kafinta yana iya ƙera kujera mai hannuwa da rami a tsakiya wadda za a ɗora a bakin masai, a kafa turke ko ƙarfe a gefe domin dafawa, a ɗaga gado da bulo har ya kai tsayin da mutum zai tashi ba tare da an ciccibe shi ba, a kuma naɗe tabarmin da ke kan hanyarsa domin kada sandar dogarawa ta harɗe. Game da salla, littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai, irin su Risala, sun yi bayanin sallar maras lafiya, sun kuma halatta zama da yin nuni ga wanda ya kasa tsayuwa ko sujada. Dattijon da ya shekara arba'in a sahun gaba yakan ji nauyin a gan shi a kujera, kuma kalma ɗaya daga limamin unguwa takan fi ta likita tasiri a kansa. Durƙuso bayan an warke ba ya fasa ƙarfen, amma da yawa sukan ji shi da ciwo ko da wani baƙon yanayi, saboda haka akan fara gwada shi a kan matashi bayan wasu watanni, da izinin likita.

Tausa tana da amfani na gaskiya, ko da yake ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Tana sassauta tsokar cinya da ta ɗaure, tana taimaka wa ruwan kumburi ya koma sama, kuma tana rage zafi na ɗan lokaci, wanda ya isa mutum ya yi motsa gaɓarsa. Ana yin ta da tafin hannu da ɗan man kaɗanya, a shafa daga ƙasa zuwa sama, wato daga gwiwa zuwa cinya, ƙafar tana ɗage a kan matasai. Shi kuwa tabon, ba a taɓa shi sai an cire zare, yawanci bayan kwana 10 zuwa 14, kuma ɓawon ya faɗi da kansa, fata ta haɗe babu ruwa. Daga nan sai a riƙa murza shi da kan yatsa a zagaye da kuma a gicciye na 'yan mintoci, domin kada fatar ta manne da naman da ke ƙarƙashinta. Gefen tabon na waje yakan mutu, mutum ya taɓa bai ji ba, domin yankan yana ratsa wata ƙaramar jijiyar ji, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa gashi da ruwan zafi ko da tsumman da aka ɗumama a garwashi yake da haɗari, tun da fata tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba.

Akwai wurin da tausa take zama ganganci. Bayan irin wannan tiyata jini yana iya daskarewa a jijiyar sha-raɓa, kuma zaman mota na kilomita kusan 900 daga Yamai zuwa Damagaram, da ragowar hanyar zuwa Gure, yana ƙara wannan haɗari, shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini na mako biyu zuwa biyar, ake kuma son matafiyi ya riƙa motsa idon sawu yana sauka yana takawa a duk inda aka tsaya. Idan sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri, murza ta yana iya ɓalle gudan jinin ya tafi huhu, don haka asibiti za a nufa nan take, balle idan numfashi ya soma sarƙewa. Haka nan maɗori, wanda jama'a suka amince da hannunsa a kan karaya da targaɗe, ba shi da abin gyarawa a gwiwar ƙarfe, ja da murɗawa sai dai su ɓata. Wanzami kuma, duk da matsayinsa a gari, kada a bar shi ya yi ƙaho, tsaga ko sakiya a wannan ƙafa, domin ƙarfe ba shi da jinin da zai yaƙi ƙwayar cuta, kuma idan ta samu shiga ta zauna a kansa, sau da yawa sai an cire gwiwar gaba ɗaya an sake wata.

Iyo shi ne shawarar da ta fi kowace kyau a takarda, ta kuma fi kowace wuyar samu a Gure. Hikimarsa ita ce ruwa yana ɗauke nauyi: wanda ya tsaya a ruwa iya ƙugu, kusan rabin nauyinsa kawai gwiwa take ɗauka, idan ya kai ƙirji ya koma kimanin kashi ɗaya cikin uku, ga shi kuma ruwan yana turje wa ƙafa ta yadda tsoka take ƙarfafa ba tare da dukan ƙasa ba. Akan yarda a shiga bayan mako huɗu zuwa shida, idan rauni ya rufe sarai, a fara da tafiya a cikin ruwan kafin iyo, a kuma jinkirta irin shurin kwaɗo da yake murɗa gwiwa. To amma Gure ƙasar tuddan rairayi ce da kwaruruka masu kanwa da dabino, babu kogi, kuma tafkunan damina da dabbobi suke sha ba wurin sabon rauni ba ne, ga tsargiya, ga laka mai santsi. Wanda zai yi 'yan makonni a babban birni kafin ya dawo yana iya amfani da wurin iyo mai tsabta a can. Ga sauran, keke yana biyan mafi yawan wannan bukata: a ɗaga tayar baya a kan matokari mai ƙarfi, a ɗaga sirdi sama, a fara da rabin juyi gaba da baya har ranar da feda za ta zagaya.

Auna aiki shi ne abin da ya fi wuya a koya, domin kuskuren iri biyu ne, akwai mai kwanciya ya ƙi motsi, akwai kuma wanda ranar da ya ji sauƙi zai taka har kasuwa ya dawo ya kwana uku bai tashi ba. Ma'aunin da likitocin gashin ƙashi suke bayarwa mai sauƙi ne: zafin da ya lafa cikin sa'o'i kaɗan ba laifi, amma idan gwiwa ta wayi gari ta fi jiya kumburi da tauri, aikin jiya ya yi yawa, sai a rage shi, ba a daina ba. Tafiyar minti biyar sau huɗu a yini ta fi ta minti ashirin a tashi ɗaya, kuma a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan kowane mako. Rairayi mai laushi yana cin ƙarfin mai tafiya ninki biyu ko fiye, sanda tana nutsewa a cikinsa, ƙafa tana karkacewa, saboda haka daɓen tsakar gida ko barandar siminti su ne wurin farawa, da sassafe ko bayan la'asar, musamman a bazara lokacin da zafi yake haura digiri 40. Bayan kowace tafiya a ɗaga ƙafar ta fi ƙirji tsayi, a naɗe ƙanƙarar leda a tawul a ɗora minti 15 zuwa 20. 'Yan dubiya ma, duk da alherinsu, suna cikin lissafi, domin wanda ya wuni zaune yana amsa gaisuwa ƙafa a sauke zai kwana da kumburi kamar wanda ya yi noma.

Maganin zafi a sha shi yadda aka rubuta, kimanin rabin sa'a kafin motsa gaɓa, kuma a nisanci Tramadol na masu talla, wanda ba a san ƙarfinsa ba kuma yake kama mutum. Zazzaɓi, jan fata mai yaɗuwa ko ruwa daga rauni ba abin jira ba ne, musamman ga mai ciwon sukari, kuma a ƙasar da ake ɗora wa cizon sauro kowane zazzaɓi, dole a gaya wa ma'aikacin lafiya cewa akwai ƙarfe a gwiwa. Tuƙin mota yakan yiwu bayan kimanin mako shida, amma babur, amalanke da raƙumi sai tsokar cinya ta iya riƙe mutum idan ya dira, abin da yakan ɗauki wata uku ko fiye. Ɗumi da ɗan kumburi suna iya kaiwa wata shida, ƙarar ƙwas ƙwas da ake ji kuwa ƙarfe ne yake taɓa roba. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo bayan tiyatar, kuma irin wannan majinyaci yana bukatar a sake ɗaukar hoton gwiwar a Damagaram a tura wa likitan da ya yi aikin, kafin a yanke hukuncin cewa rashin haƙuri ne.