Yaɓen rani, hukuncin damina

Ranar da magini ya sauko daga kan soro, kowane yaɓe kyakkyawa ne. Sai ruwan Agusta ya kwana yana zuba ake sanin aikin ƙwarai, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don shi ke tashi cikin dare yana tara kwano.

Haka jinyar masu shaye-shaye take. Ranar sallama yaro ya yi fes, ya murmure, an rubuta a takarda cewa ya samu sauƙi. Daminarsa kuwa tana jiransa a Tudun Wada: tsohuwar majalisa, abokan da ke miƙo tiramol, ga zaman banza. Likitan da ke asibitin koyarwa na Shika da malamin jami'a mai bincike a Samaru ba sa nan a wata na huɗu bayan sallama. Waɗanda suke nan su ne ma'aikaciyar asibitin unguwa, da limamin da ya lura yaron ya daina fitowa Asuba, da kafintan da ya karɓe shi koyon aiki.

Amma kada a ɗauka mutanen unguwa sun wadatu da kansu. Magini ba ya kushe yaɓensa. Gidajen mari sun yi shekara da shekaru suna karɓar kuɗin iyaye da sunan gyaran tarbiyya, ba wanda ya ƙirga nawa suka warke, sai a 2019 da jami'an tsaro suka buɗe su a Rigasa da Daura da nan Zariya aka ga sasari a ƙafafu. A shekarar ne kuma binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta masu shan ƙwayoyi a Najeriya da mutum miliyan 14.3. Matsala mai wannan girma ba a auna maganinta da "Alhamdulillahi, ya shiryu."

Abin da ke ɓata tafiyar masana da mutanen unguwa tare shi ne mai bincike ya zo da takardar tambayoyinsa a shirye, ya mai da 'yan unguwa masu rakiya, ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kamata ya yi tun farko a zauna tare a yanke abin da za a kira warkewa. Gwajin fitsari kaɗai? Uwa za ta ce a ƙara da ko ya daina ɗauke mata kuɗin cefane. A sa kuɗin kati da na mota a kasafi domin mai bibiyar yaran, a ɓoye sunayensu, sakamakon kuma a dawo a karanta shi da Hausa a ƙofar gidan mai unguwa, ko da bai yi wa kowa daɗi ba.