NUMFASHIN YARONKI: KI SAN SHI, KI ƘIRGA SHI

Kafin layi ya zo kanki ki karanta wannan, ko ki sa ta kusa da ke ta karanta miki.

Da Babbar Salla kin sha wanke kayan cikin rago. Kin ga huhu, ga taushi kamar soso, in an jefa shi a ruwa sai ya taso sama. Kin ga maƙogwaro mai zobe-zoben guringuntsi. To, irinsu ne a ƙirjin yaronki, sai dai nasa ƙanana ne ƙwarai.

INA ISKA KE ZUWA?

Ta hanci ta ke shiga. A nan gashi da majina su kan tare ƙura, hanci kuma ya ɗumama iskar. Ashe majina ma da aikinta, tarko ce. Daga nan iska ta gangara maƙogwaro, shi kuwa ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya na hagu. Kowanne ya yi ta rarrabuwa kamar rassan darbejiya, har su ƙare da 'yan jakunkuna miliyoyi waɗanda ido ba ya gani. Jini yana kewaye da jakunkunan nan. A nan ya ke ɗaukar iska mai amfani, wadda a ke kira oksijin, ya kai ta ko'ina a jiki, ya kuma sauke wadda jiki ya gama da ita a fitar.

Huhu ba shi ke jan iska da kansa ba. Akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, ita ke sauka tana hawa kamar zugazugin maƙeri. Shi ya sa ki ke ganin cikin jariri yana tashi yana sauka in yana barci. Wannan lafiya ce, kada ki damu.

ƘURA DA HAYAƘI

Hanyoyin iskar yaro 'yan sirara ne, kumburi kaɗan ko kaki kaɗan sai su toshe. Ga shi ya fi babba saurin numfashi, don haka abin da ke cikin iska ya fi shigarsa. Mu nan Kano ga hazon hunturu tun daga Nuwamba har Fabrairu, ga hayaƙin motoci da na bola. Mutanen Dakata da Gama da Tudun Wada kuma ga masana'antun Bompai a maƙwabta, kamar yadda na Sharada da Challawa ke zaune da nasu.

Amma ni hayaƙin cikin gida ya fi damuna, don shi ne yaro ke kwana yana shaƙa, kuma shi ne ki ke da iko a kansa. Kada ki hura itace da goyo a bayanki, ki ba wata ta riƙe miki shi nesa da murhu. Ɗakin mai jego kuwa a yi hattara. A kan rufe taga saboda sanyi, a kawo kaskon garwashi, a zuba turaren wuta, da dare a ƙara da maganin sauro na ƙonawa, jariri ɗan kwana uku yana ciki! A turara ɗaki in ba ya nan, a buɗe taga, a kwana cikin gidan sauro. Garwashi da janareta su kan fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ta kan kashe mutane suna barci. Kada a kwana da su a ɗaki ko a bakin taga. Maigida in mai shan taba ne, a lallaɓa shi ya fita waje.

YAUSHE TARI YA WUCE MURA?

Yawancin tari mura ce, ta kan wuce da kanta. Ki yi ta ba shi nono, ki share masa hanci, don jariri da hanci ya ke numfashi, in ya toshe ba ya iya kama mama. Amma wani lokaci ƙwayoyin cuta su kan sauka har cikin jakunkunan nan su cika su da ruwa da mugunya. Shi ne nimoniya, ciwon haƙarƙari. Iska ba ta isa jini sosai, sai yaro ya yi ta haki don ya cike giɓi.

Ke ma ki na iya ganewa. Bari ya yi shiru, ba yana kuka ba. Ɗaga rigarsa, ki dubi agogon waya, ki ƙirga tashin cikinsa har minti ɗaya cur. Numfashi ya yi sauri in ya kai:

60, ga wanda bai kai wata 2 ba;
50, daga wata 2 zuwa wata 11;
40, daga shekara 1 zuwa shekara 5.

In ya kai haka, kawo shi yau. Kada ki tsaya sayen maganin tari a kemis. In kuwa ƙasan haƙarƙarinsa na lomawa ciki sa'ad da ya ke jan iska, ko ya kasa shan nono, ko yana gurnani, ko leɓensa ya canja launi, ko ya yi jijjiga, to ko tsakar dare ne a nufi asibiti. Ba sai an jira gari ya waye ba. In an ba ki magani ki ba shi har ya ƙare, ko da ya warware.

Don Allah kada a kai shi wurin wanzami a cire beli saboda tari. Beli ba ya kawo tari. Zubar jini da wata cutar kawai za a jawo masa, ga ɓata lokaci.

RIGAKAFI

Kin tuna mashaƙo a 2023, yadda ya yi ɓarna a Kano fiye da kowace jiha? Maƙoshi ya ke toshewa, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala allura ba. Allurar da a ke yi a sati 6, da sati 10, da sati 14 tana kare mashaƙo da tarin shiƙa, tare da ita kuma a ke yin ta nimoniya. Ta ƙyanda a wata 9 da wata 15, don ƙyanda ma ta kan sauka a ƙirji. Duk kyauta ne. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa.

In katin yaronki da saura, ko ya ɓace, ki faɗa wa nas in kin shiga. In kuma ƙirgan bai zauna miki ba, ki ce ta nuna miki a jikin yaronki kafin ki tafi.