Ɗigon Man Giya Bayan Gyara: Abin da Ya Kamata Mai Mota Ya Sani

Garin Bambeye yana kudu maso yamma da birnin Tawa, cikin ƙasar Adar. Ran Lahadi, ranar babbar kasuwar Tawa, motocin haya kan taso daga can da ƙauyukan kewaye ɗauke da mutane da hatsi da bisashe. Motar nan kuma ita ce ke kai marar lafiya likita cikin dare. Saboda haka lalacewarta ba hasarar mai ita kaɗai ba ce.

Cikin abubuwan da ke damun masu waɗannan motoci akwai ɗigon mai daga akwatin giya, wanda direbobi ke kira buwat. Mai mota ya kai ta gareji a Tawa, an sake zoben roba mai tsare mai, ya biya kuɗi ya koma gida. Bayan mako 2 ko 3 sai ga baƙin tabo a ƙasa inda motar ta kwana. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Dalili shi ne, sau da yawa zoben ba shi ne tushen ciwon ba. A saman akwatin giya akwai ƴar ƙofar shan iska. Ƙurar hanya da ta hunturu kan toshe ta. In mota ta yi tafiya akwatin ya yi zafi, iskar da ke ciki ta kumbura, ta rasa mafita, sai ta turo mai ta bakin zoben, ko da sabo ne. Haka kuma sandar ƙarfe da ke juyawa cikin zoben takan ci, ta yi zurfi wurin da roba ke gugarta. Ko kuwa rulma, wanda wasu ke ce wa boris, ya saki, sandar tana rawa. Wani lokaci mai ne aka zuba ya wuce kima, alhali iyakarsa bakin ramin da ke gefen akwatin. Wani lokaci kuma ƙaramin zoben jan ƙarfe na kusar tsiyaye mai aka maida tsohon.

Akwai kuma zancen kayan gyara. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu 1994, kayan da ake sayowa daga Turai suka yi tsada ƙwarai, mutane suka ƙara karkata ga masu araha. Amma araha ba ta ado: zoben da robarsa ba ta jure zafi ba ya daɗewa a ƙasa irin ta Adar.

To, mi mai mota zai yi? Da farko ya tabbata inda man ke fitowa. A wanke ƙarƙashin motar, a bar shi ya bushe, a barbaɗa toka ko garin alli, a yi ƴar tafiya, sa'an nan a duba. Wuri mafi sama da ya jiƙe, nan ne mafari. Ya shimfiɗa kwali ƙarƙashinta da dare don ya ga yawan ɗigon. Ya kuma sunsuna: man giya mai kauri yana da wari mai ƙarfi kamar na farar wuta, domin sau da yawa man inji ne ke gangarowa a ɗora wa akwatin giya laifi.

Na biyu, ya koma garejin da aka yi aikin ba da jinkiri ba, kafin wani ya sa hannu. In wani bakanike ya kwance, na farko zai ce ba aikinsa ba ne. Ya je da lalama, ba da faɗa ba, ya roƙi a buɗe ƙofar shan iska, a duba sanda da rulma a gabansa, a kuma ba shi tsohon abin da aka cire.

Na uku, a rubuta kome a takarda: ranar gyara, lambar kilomita, abin da aka sake, kuɗin da aka biya, da kwanakin da mai gareji ya ɗauki lamuni. Magana takan tashi, rubutu yana nan. Takardar tana kare mai mota, tana kuma kare bakanike mai gaskiya.

Abin da ya fi haɗari shi ne a saba da ɗigon, ana ta ƙara mai. Akwatin giyar ƙaramar mota lita 1 zuwa 3 yake ci, kuma a irin waɗannan motoci babu fitilar da ke nuna ya ƙare. In ya bushe, haƙoran giya za su ci juna, mota ta tsaya cikin daji da mutane. In ya zubo ta gaba, zai jiƙa kuloci ya riƙa sulɓewa. Kuɗin zobe kaɗan ne, kuɗin akwati ɗungum kuwa yakan cinye ribar watanni.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai motar da zai kai mutane kasuwar Tawa ran Lahadi, ya duba ƙarƙashinta tun ran Jumma'a. Allah ya kiyaye hanya.