Tsage da Dumi Ba Su Cin Ƙugiya Ɗaya

Kusan kowace shekara sai an ji a rediyo cewa an raba wa masunta kayan aiki: ƙullin raga, kwalin ƙugiya, wani lokaci har da kwale-kwale. A ɗauki hoto, a tafa, a watse. Abin da ba a tambaya shi ne, wane kifi aka nufa da waɗannan kaya, kuma a wane ruwa? Mutanenmu da yawa, har da masu sa hannu a takardar sayen kayan, sun ɗauka raga raga ce, ƙugiya ƙugiya ce. Masuncin Kiyako a Birnin Kudu ko na bakin kogin Bunga a Gwaram zai yi dariya in ya ji haka.

Bakin kifi shi ke zaɓar kayan kama shi. Tsage mafarauci ne, haƙoransa a waje suke, da gudu yake fizgar ƙaramin kifi. Wanda ya jefa masa zaren roba tsura ya yi asarar ƙugiya, don haka ake ɗaura guntuwar waya tsakanin zare da ƙugiya. Dumi kuwa bakinsa a ƙasa yake, leɓɓansa masu kauri, yana kankarar gansakuka da tsotsar laka. Babbar ƙugiya da waya ba su yi masa komai, galibi ma da birgi ko kalli ake samunsa. Dumi ɗan dangin kifin nan ne na kaf, wanda aka kawo daga Turai zuwa gonar kifi ta Panyam a Filato a shekarun 1950. Can Turai masu fatsar nishaɗi na ta muhawara ko sanda ɗaya za ta yi wa mai haƙori da mai tsotsa. Sanda da zare mai ƙarfi suna iya zama ɗaya, amma abin da ke can ƙarshen zaren dole a canza shi. Tarwaɗa ba ta da wannan iyayi: tana, hanjin kaza, har guntun sabulu, duk tana haɗiyewa.

Wannan ke nan a taƙaice. Abin da ya fi damuna shi ne idon raga.

Kogunan kudancin Jigawa na damina ne. Bunga, wanda shi ne ake kira Jama'are idan ya gangara, yana tasowa daga tsaunukan wajen Jos, ya cika ya batse a watan Agusta, da rani kuma ya koma rairayi da 'yan gurabe. Lokacin da ruwa ya malala cikin fadama, nan kifi ke hayayyafa. Idan ruwa ya janye, 'ya'yan da iyayen duk sai su taru a gurbin da ya rage. Iyayenmu sun san wannan tun kafin a buɗe makarantar koyon kiwon kifi a Baga ko cibiyar bincike a Sabuwar Bussa. Shi ya sa aka yi sarautar Sarkin Ruwa. Ba don rawani aka naɗa shi ba. A da shi ke rufe gurbi, shi ke sa ranar su, a yi shela, jama'a su zo da koma da gora su faɗa ruwa tare. Wanda ya saci jiki ya shiga kafin ranar, akwai tara, ga kuma kunyar gari. Bikin Argungu da ake tinƙaho da shi tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, wannan tsarin ne aka yi wa ado. Mun riƙe hoton giwan ruwa a kafaɗar gwani, mun manta cewa hana shiga ruwan tsawon watanni ne ya ba kifin damar girma haka.

Yau fa? Gidan sauron da aka bayar don kare yara daga zazzaɓi, shi ake ja a gurbi, yana kwashe har kifin da bai kai ɗan yatsa ba. Taru mai ƙananan idanu na share ƙasan ruwa. Gura, tarkon nan da ya zo mana daga Mali, ana jera ta a tare hanyar kifi ɗungurum. Wasu marasa tsoron Allah kuma su zuba maganin ƙwari, kifi ya taso, a kai kasuwa mutane su ci. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abin fashewa, amma wa ke tsaye a bakin gurbi da asuba ya tabbatar da ita? Sarkin Ruwan da zai iya, an bar shi da suna kawai.

Ruwan kansa ba shi da tabbas. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar kogin Haɗeja ta sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru. Jama'are ne ya rage ba a datse shi ba, ga maganar gina masa madatsar Kafin Zaki an daɗe ana ja. Ke nan mutanen Gwaram da Birnin Kudu suna zaune a gefen ruwan da har yanzu yake bin lokacinsa na asali, kuma ba su da hujjar kashe shi da hannunsu.

Jami'an gona na jiha da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu, kafin ku sake sayen raga ko ɗaya, ku kira sarakunan ruwa ku tambaye su faɗin idon da ya dace, ku kuma ba su ikon kama mai jan gidan sauro. Ke kuma uwargida, in an kawo miki tire cike da 'yan mitsi-mitsin karfasa, ki ce ba kya saye.