Ruwan Yamai, daminar ƙasashe tara

A watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama a Yamai, ciyawa ta bushe ƙayau, rabon garin da ruwan sama ya kai wata uku, a daidai lokacin ne kogin Isa yake cika ya batse a ƙarƙashin gadar Kennedy. Wannan ruwa a tsaunukan ƙasar Gini ya sauka tun cikin damina. Ya gangaro ta Bamako da Segu, ya faɗa babbar fadamar da ke tsakanin Mopti da Tumbutu, ya bazu yana jan ƙafa watanni, rana ta shanye kaso mai tsoka, sannan abin da ya rage ya biyo ta Gao ya iso Nijar. Matar da ta buɗe famfo a unguwar Yantala da mai dashen shinkafa a Saga duka suna cin albarkar daminar wata ƙasa ce.

Kogin, wanda aka fi sani da Neja, Hausawan Najeriya kuma ke kira Kwara, tsawonsa ya kai kilomita 4,180, shi ne na uku a Afirka bayan Nilu da Kwango. Abin da ya ratsa cikin Nijar bai wuce kimanin kilomita 550 ba, amma shi kaɗai ne babban kogin da ƙasar take da shi wanda ke gudana rani da damina.

Fari da ambaliya

Sau biyu kogin ke kawo ruwa a Yamai kowace shekara. Kafin ruwan Gini akwai jan ruwa na watan Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba da Dargol da Goruwol ke kwararowa da shi daga ɓangaren Burkina Faso, ɗauke da jar ƙasa da yashi. Shi ne mai zuwa da gaggawa. A watan Satumban 2020 ma'aunin kogi na Yamai ya nuna kusan mita bakwai, alhali jan gargaɗi daga santimita 620 yake farawa. Ruwa ya keta shinge, ya shiga unguwannin bakin kogi irin su Lamorde da Saga, gidajen laka suka zube, shinkafa ta nutse.

Dattawan garin kuma ba su manta da watan Yunin 1985 ba. Bayan farin da ya yi shekaru yana cin Sahel, kogin ya tsaya cak a Yamai, mutane suka riƙa taka yashi suna hayewa. Bayan wannan ne aka gina 'yar madatsar Gudel, don ta tare ruwan da matatar birnin za ta ja a watannin bazara. Fari da ambaliyar nan duka daga wajen iyaka suke tasowa, kuma babu gwamnatin da za ta iya tare su ita kaɗai.

Hukumar da ke zaune a Yamai

Shugabannin farko bayan samun 'yancin kai sun hango haka da wuri. A Yamai aka ƙulla yarjejeniyar 1963 kan zirga-zirga da haɗin kai a kogin, a 1964 aka kafa hukumar haɗin gwiwa. A ranar 21 ga Nuwamban 1980, a garin Faranah na Gini, aka sake mata fasali ta zama Hukumar Raya Kogin Neja, wadda aka fi sani da ABN. Ƙasashe tara ne a cikinta: Gini, Kodebuwa, Mali, Burkina Faso, Nijar, Benin, Najeriya, Kamaru da Cadi. Hedikwatarta tana Yamai har yau, kuma mutanen da ke rayuwa a yankin da take kula da shi sun haura miliyan ɗari.

Hukumar ta daɗe tana ɗingishi, ga ƙarancin kuɗi, ga ƙasashe da ke jinkirin biyan gudummawarsu. Ta farfaɗo ne bayan taron Faris na 2004, kuma a watan Afrilun 2008 shugabannin suka sanya hannu a Yamai kan kundin dokar ruwa na kogin. Ƙa'idojinsa a fili suke. Kowace ƙasa tana da haƙƙin amfani da ruwa cikin adalci. Wadda ke sama ba za ta yi aikin da zai cuci ta ƙasa ba. Duk wadda za ta gina madatsa ko ta buɗe babban filin ban-ruwa, sai ta sanar da sauran tun kafin a kafa tubali. Kuma dole a riƙa musayar bayanai.

Wannan na ƙarshen shi ne aikin da ba a cika gani ba, amma shi ke ceton rai. A Kulikoro da Ansongo da Yamai da Lakwaja akwai sandunan awo da aka kafa a bakin ruwa, masu zanen lambobi, da ma'aikatan da ke duba su suna aikawa da sakamako. Idan aka san tsayin ruwa a Ansongo yau, injiniya a Yamai zai iya lissafa abin da ke tafe, a gargaɗi mutanen bakin gaɓa su kwashe yara da buhunan hatsi tun ruwa bai iso ƙofa ba.

Inda gizo ke saƙa

Madatsun ruwa su ne ke gwada gaskiyar zumunci. Mali tana da Markala tun 1947, mai karkatar da ruwa zuwa gonakin shinkafa da rake, da Selinge mai ba da lantarki. Najeriya tana da Kainji tun 1968, da Jebba a ƙasanta. Nijar da ke tsakiya ta daɗe tana burin gina tata a Kandaji, cikin jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 sama da Yamai. An tsara za ta ba da megawat 130, ta shayar da kadada 45,000, ta kuma tabbatar kogin bai sake ƙafewa a babban birnin ba. Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashinta a 2008, aikin ya tsaya, aka sake tayar da shi a 2019 da wani kamfanin ƙasar Sin.

Duk ruwan da Kandaji zai riƙe, ruwa ne da injinan Kainji ke jira. Shekaru da dama Najeriya tana sayar wa Nijar lantarki ta layin Birnin Kebbi, har ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke sha, kuma jami'an Najeriya sun sha faɗin cewa wannan yana cikin fahimtar da ke hana a datse kogin daga sama. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar. Cikin takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar, Yamai ta shiga duhu, ba a maido ta ba sai a 2024. Wannan ya ƙara wa 'yan Nijar yaƙinin cewa sai sun mallaki tasu madatsar, ya kuma nuna yadda rigimar siyasa ke iya taɓa amanar da aka yi shekaru ana ginawa.

Irin wannan lissafi yana nan a ƙananan koguna. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, ya ratsa Nijar, ya sake komawa Najeriya. Manoman fadama a Maraɗi sun daɗe suna kukan raguwar ruwa tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, duk da yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan iyaka. A can kudu kuma, Najeriya ce ke zama ta ƙasa: idan Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, mutanen bakin Binuwai ke kwana da fargaba, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Wanda ke sama a wannan kogi, shi ne a ƙasa a wancan.

Abin da ya rage

Akwai abin koyi kusa da gida. Ƙasashen kogin Senegal, da suka kafa hukumarsu a 1972, sun gina madatsun Manantali da Diama a matsayin dukiyar tarayya. Tare suka ci bashin, tare suke raba wuta da ruwa. Ko lokacin da Senegal da Muritaniya suka yi mummunan rikici a 1989, hukumar ba ta rushe ba.

Kogin Isa ma irin wannan riƙo yake bukata. Dokoki an riga an rubuta su, saura cikawa. Kowace ƙasa ta biya kuɗinta a kan lokaci, don kada hukumar ta dogara da masu ba da agaji. A amince da jadawali guda na buɗewa da rufe madatsu daga Selinge har Jebba, tun kafin Kandaji ta fara aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A riƙa sanar da awon kogi a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, yadda masunci da makiyayi da mai lambu za su ji da kunnensu. A haɗa hannu wajen dasa itatuwa da tare zaizayar ƙasa, don rage yashin da ke cike kogin.

Mafi muhimmanci, shugabanni su ɗauki alkawarin cewa duk saɓanin da zai shiga tsakaninsu, ba za a mayar da ruwa ko wuta makami ba, ba za a kuma daina aika bayanan kogi ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, amma teburin ABN na nan a Yamai, kuma yana cikin 'yan wuraren da ƙasashen Sahel da na gaɓar teku ke da dalilin zama tare komai tsamin dangantaka. Wajibi ne a kare shi, domin jama'ar yankin na ƙaruwa, kuma ruwan da za a raba musu shi ne dai wanda Allah ya saukar.