Mota Ma Tana Jin Ƙishi

Na san wata za ta ce me ya haɗa filinmu da zancen inji, ai wannan na maza ne. To, ki yi haƙuri ki ji. Sau da yawa kuɗin adashinmu ne ke shiga motar maigida, kuma ran da ta mutu a daji, mu ne a rana da goyo.

Bara da bazara muka tashi daga Haɗejiya za mu biki Kafin Hausa a tsohuwar motarmu, ƙanen maigidana yana tuƙi. Muna cikin tafiya sai allurar zafi ta hau ja. Na yi magana, ya ce, "Yaya, ba komai, mun kusa." Da tururi ya taso ya tsaya, ya buɗe murfin lagireto, tafasasshen ruwa ya salɓe masa hannu. Sa'an nan ya ɗebo ruwan kududdufi ya zuba. Ba mu je bikin nan ba, kwasata ta adashi kuwa a wurin bakanike ta ƙare. Ya ce gasket ne ya ƙone.

Shi gasket wani faifai ne na bakin ciki da ake shimfiɗawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Aikinsa ya raba abu uku da ke maƙwabtaka: wutar da fetur ke yi, da ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. Idan zafi ya wuce kima, kan injin yakan lanƙwashe, gasket ya ƙone, su ukun su cuɗe. Haka abin yake tun daga Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, har zuwa motocin Kwatano na yau.

Mu mutanen fadama sai mun ƙara kula. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yakan wuce digiri 40. Ruwan kogi da na kududdufi kuwa cike yake da laka, hanyoyin cikin lagireto ga su ƙanana, sai su toshe, tsatsa ta bi baya. Motar da ta ratsa ruwa, kamar yadda aka sha yi a ambaliyar 2022, taɓo yakan liƙe gaban lagiretonta iska ta kasa shiga. Sai a wanke shi.

Ga alamun da ko ba ki taɓa riƙe sitiyari ba za ki iya ganewa. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya ɗumama. Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Ruwa yana ƙarewa ba a ga inda yake yoyo ba. Ko kuwa kumfa tana tasowa a bakin lagireto.

Rigakafin ba wuya. Da safe kafin a tayar da mota a duba ruwa, a duba tiyo da fanbel ko sun tsattsage. A zuba ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa, yana hana tsatsa. In babu, a ajiye jarkar ruwa mai tsabta a but. In allura ta hau, a tsaya a kashe inji, a jira kamar rabin awa. Murfin nan matse ruwan yake yi, zafinsa har ya wuce digiri 100, don haka a janye yara, kada kowa ya buɗe. Kada kuma a sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfe yana iya tsagewa.

Ke da ba ki barin tukunya a wuta ba ruwa, kada ki ji nauyin tambayar maigida, "Malam, an duba ruwan mota kuwa?" In direban haya ne, faɗa masa da ladabi, amma ki faɗa.

Allah Ya tsare hanya. Sai mako mai zuwa.