Babban Kanti Da Mutumin Lajawa

A cikin watan Maris na 2014 aka buɗe wani ƙaton gidan ciniki a Titin Gidan Zoo, a birnin Kano, aka sa masa sunan Sarkin Kano Ado Bayero. Kantin da ya fi jan jama'a a ciki shi ne Shoprite, na wani kamfanin Afirka ta Kudu wanda ya soma da kantuna 8 a 1979, ya kafa reshensa na farko a Ikko a 2005. A watan Janairu na 2024 aka rufe reshen Kano. Amma gardamarsa ba ta mutu ba, har a garuruwa irin su Lajawa ta ƙasar Wudil, domin irinsa na 'yan ƙasa suna nan, kamar Sahad da Jifatu.

Kanti dai ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911 kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant suka kafa nasu, daga baya U.A.C. ta kawo Kingsway. Waɗannan kuwa na Turawa ne da manyan ma'aikata. Abin da ke sabo shi ne kantin da ke kiran talaka da sunan araha, irin Walmart da aka fara a Amurka a 1962. Dabararsa ba ta da wuyar ganewa. Yakan sayi kaya da yawa daga masana'anta kai tsaye, ba dillali, ya ɗora riba kaɗan a kan kowane, mai saye kuma shi ke ɗauko wa kansa kaya, don haka ba a bukatar yara da yawa. Yakan kuma karya kuɗin abu ɗaya ko biyu, kamar burodi, domin wanda ya shigo sayen burodi da wuya ya fita da burodi kaɗai.

To, masu yabo, galibinsu masu albashi ne, akawuna da malaman makaranta, suna kuwa da hujja. Kuɗin kowane abu a rubuce yake. Ba taya, ba albarka, ba a duban rigar mutum kafin a faɗa masa kuɗi. Yaro da babba, ɗan birni da baƙauye, duk abu guda za su biya. Sikeli ba ya ha'inci, ana kuma ba da rasit. Duk wanda aka taɓa auna wa hatsi da mudun da aka bubbuge gindinsa ya san darajar wannan, ni ma a nan ina tare da su.

Amma mutumin Lajawa nasa lissafin dabam ne, ya kuwa fi daidai. Daga Wudil zuwa birni kamar mil 25 ne, ga kuma tafiyar Lajawa zuwa Wudil. In ya haɗa kuɗin mota zuwa da komowa, da yinin da ya bari a gona, arahar sabulu da sukari ta tafi. Sa'an nan araha a babban kanti ta mai sayen da yawa ce. Manomi kuwa ba ƙarshen wata yake jira ba. Yau ya sayar da mudu biyu na gyada, ya sayi gishiri da man ja na yau. Mai tireda na unguwa zai ƙulla masa sukarin shan koko ɗaya, zai ba shi bashi har kaka, domin ya san ubansa, ya san gonarsa. Na'urar kanti ba ta san kowa ba. Haka kuma a kasuwar Wudil ran Juma'a mutum yakan shiga da akuya ya fito da atamfa, watau mai saye ne kuma mai sayarwa. A babban kanti ƙofar saye kaɗai aka buɗe masa.

Maganar aiki ta fi wannan nauyi, ita ce kuma ta shafi malamai, tun da almajiranmu ne ke zuwa nema. Samarin da suka sami aiki a irin waɗannan kantuna sukan yaba albashi mai zuwa kan lokaci, da tsabta, da sanyin ɗaki, da koyon riƙe lissafi da kiyaye sa'a. Yarinyar da ta gama makaranta ma takan samu, abin da da wuya ta samu a rumfar kasuwa. Masu kuka kuma sukan ambaci tsayuwa wuni guda, da albashin da kuɗin ɗaki da na mota a birni ke cinyewa.

Sai dai a gwada shi da yaron kanti a Kantin Kwari ko Sabon Gari. Shi ba shi da albashi tsayayye, yakan sha wuya, wani ma maigidan azzalumi ne. Amma yana ganin inda ake saro kaya, da yadda ake sa kuɗi, da wanda ake ba bashi da wanda ake hanawa. Bayan shekaru, bisa al'ada, maigida yakan sallame shi da jari ya buɗe tasa rumfa. Wanda ke zaune gaban na'ura kuwa kuɗin da aka rubuta masa yake karɓa, bai san yadda aka yanke shi ba, waɗanda suka yanke ma ba a Kano suke ba.

An ga ƙarshen wannan. A 2021 kamfanin na Afirka ta Kudu ya sayar da kantunansa na Nijeriya ga wani kamfanin 'yan ƙasa mai suna Ketron, ma'aikata suka yi yajin aiki a kan hakkinsu. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni Naira ta faɗi ƙwarai. Kanti mai ɗakunan sanyi, da injin wuta mai shan man gas dare da rana, da kuɗin haya, da kayan da ake sayowa da dala, ya fi rumfar zana jin wannan dukan. Bayan wata 7 aka kulle ƙofar reshen Kano, ma'aikata suka watse neman wani aiki. Ran Juma'ar da ta biyo, kasuwar Wudil ta ci kamar yadda ta saba.